Idrisu Mai Gashi, Ɗan Farin Hajiya Ɗaso

Duk baƙon da ya shiga unguwar Rusaifa ta Makka yana neman Idrisu Mai Gashi, in aka nuna masa shi sai ya ɗauka ba'a ake yi masa. Mutum ne dogo, mai sanƙo tal tun daga goshi har ƙeya, ko sili ɗaya babu. Sunan daga sana'arsa ya samo shi. Mukayyif ɗin nan na ruwa, wato na'urar sanyaya ɗaki da ake kira sahrawi, akwatin ƙarfe ne da ake maƙalawa a taga, an cusa wa gefensa uku zaren itace da aka fere siri-siri kamar taliya. Ruwa na tsiyaya a kan zaren, fanka na zuƙo iskar waje mai zafi ta cikinsa, sai ta shigo ɗaki da sanyi da ɗan danshi. Larabawan Makka suna ce wa wannan zaren gash. Kunnen Bahaushe kuwa ina ruwansa, gashi ya ji, shi ke nan sunan ya zauna. Idrisu ya fi shekara talatin yana cire tsohon gashi yana saka sabo, a gidaje da shaguna da ƙananan masallatai, in lokacin aikin Hajji ya zo kuma a tantunan Arfa.

In kana da sauri kada ka kuskura ka tambaye shi itacen da ake yin gashin da shi. Ajiye filaya zai yi ya gyara tsayuwa. Zai ce maka Larabawa hor suke ce masa, Turawa kuma asfen, a ƙasashen sanyi yake fitowa, a fere shi can a ɗauro shi dami-dami a jirgin ruwa zuwa Jidda. Fari ne sol, ba shi da nauyi, ba ƙaro ba wari, shi ya sa iskar da ta ratsa shi ba ta ɗauko ɗoyi. Yana shan ruwa ya riƙe, ya riƙa saki a hankali. Ba ya yi wa hannu sartse, kuma da irinsa ake yin tsinken ashana. Kafin ka ankara ya tsinko zare ɗaya ya miƙa maka, wai ka tauna ka ji ko akwai ɗaci. Shi dai bai taɓa ganin bishiyar da idonsa ba. Wani dillali a Jidda ne ya nuna masa ita a waya, ya ce ganyenta ba ya daina rawa ko da iska ba ta ko kai ta ɗaga labule ba. Da ya ba matarsa Safara'u labari sai ta ce ashe 'yar'uwarsa ce, don shi ma zuciyarsa ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba.

Safara'u ta san abin da take faɗa. Idrisu mutum ne mai kishi, kuma wanda yake kishi da shi ba wani ba ne illa ƙanensa Hatim, uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin ya samo asali ne tun a Jarwal, tsohuwar unguwarsu a Makka. Mahaifiyarsu Hajiya Ɗaso ta zo Makka tana amarya, daga wani ƙauye na ƙasar Kano, tare da mijinta Malam Mukhtaru, suka yi aikin Hajji suka zauna. A can ta haifi Idrisu, shi ne ɗan fari. To, a wajen Larabawa ba abin da mace ke alfahari da shi kamar a kira ta da sunan ɗanta na fari. Matan maƙwabta sukan leƙo ta taga su ce ya Umm Idris, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta kamar da bango ake magana. Ba ta amsawa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gaban mutane wata ce za ta ɗaga shi. Yana ganin 'ya'yan maƙwabta ana rungume su ana ce musu habibi, shi kuwa sunansa a bakinta wancan. Da ya yi wayo ya kai ƙara wajen mahaifinsa, Malam ya yi dariya ya ce kunyar ɗan fari ce, haka ake yi a gida. Wane gida kuma? Yaron da bai san wani gida ba sai lungun Jarwal, ƙasar Hausa kuwa a bakin alhazai kawai yake jin ta. Ya gane bayanin da kansa, amma zuciyarsa ta ƙi karɓa.

Aka haifi mata a bayansa, sai a ƙarshe aka haifi Hatim, Idrisu ya riga ya zama saurayi. Ranar suna wata maƙwabciya ta gwada ta ce ya Umm Hatim. Hajiya ta ce na'am, da ƙarfi, har da murmushi. Idrisu yana tsaye da tiren shayi a hannu.

Kada ka ce wai girma ya sa ya manta. Ina! Da ya yi aure, Safara'u haihuwar Makka ce, ba ruwanta da wata kunyar ɗan fari. Umm Rakan take tun ranar da ta haifi Rakan, ta kira sunan yaron sau nawa a yini, ta shafa kansa a gaban kowa. Wallahi akwai ranakun da Idrisu kan zauna yana kallon ɗan cikinsa yana jin haushinsa, sai ya yi istigfari ya tashi ya fita.

Bayan rasuwar Malam aka rushe layinsu na Jarwal don gina otal-otal, Hajiya ta koma wani gida a Rusaifa. Tana ƙasa, 'yarta Maryama da mijinta da yaransu suna sama. Idrisu da hannunsa ya kafa mata sahrawi a tagar ɗakinta, ya zaɓo mata gashi mafi fari da laushi a cikin damin. Ya ja bututun ruwa ta bangon tsakar gida, ya sa masa mahbas, wato ɗan makunnin da ake buɗe ruwan a rufe.

Mukayyif ɗin nan kuwa bai taɓa barinsa ya huta ba. Na sauran mutane sai a ci rani guda ba a neme shi ba, na Hajiya kuwa da ƙyar ya yi mako biyu. Sai Maryama ta bugo waya ta ce, Yaya, Hajiya ta ce a gaya wa wancan mai gashin abin nasa ya mutu. Ya zo ya tarar an rufe mahbas, gashi ya bushe ƙamas, gishirin ruwa ya daskare a jikinsa fari fat, fanka na hura wuta. Ya tara yaran Maryama ya yi musu kaca-kaca, su rantse ba su taɓa ba, ya ce ƙarya suke yi. Hajiya na jin su daga ciki, abin da kawai take cewa shi ne yaran zamani sai addu'a. Ya ɗaga mahbas ɗin sama yadda hannun yaro ba zai kai ba, aka sake rufewa. Ya ƙara ɗaga shi har ya wuce tsayin kansa, duk a banza. Ya ce lallai Maryama ta haifi aljanu.

Amma a gaskiya, ko da yake ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuya, wannan wayar ta Maryama ita ce abin da ya fi so a duniya. In ya gama da waje sai ya shiga ɗakin ya buɗe gefen akwatin, ya zauna a ƙasa yana tsefe sabon gashi yana jera shi a cikin raga. Hajiya na bayansa a kan sallaya da carbi. Ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta ɗaga murya ta ce Maryama, ki tambaye shi ko ya ci abinci. Kafin ya amsa kwanon tuwo da miyar kuka ya iso, da man shanu a sama. Ya ci yana ba ta rabin baya, ita kuma tana ba wa Maryama labarin mutanen Jarwal na da, wa ya rasu, wa ya aurar da jika, alhali Maryama ta daɗe da komawa sama. In ruwa ya jiƙa sabon gashin, ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi na danshi irin na farkon yayyafi, sai ya ji ta ja numfashi ta ce alhamdulillahi. Iyakar rabonsa ke nan daga uwarsa, kuma ya riƙe shi da hannu biyu. In ba da aiki a hannu ba, shi bai san yadda ake zama a gabanta ba, gaisuwa ce a tsugune a bakin ƙofa ya tashi.

Hatim kuwa babban ma'aikaci ne a wani otal kusa da Harami. Farar jallabiya ba ko ɗigo, turare na riga shi shiga ɗaki, Hausarsa a karye, rabinta Larabci. Ba ya zuwa sosai. Amma in ya zo sai ya sumbaci kan Hajiya ya kwanta a gefen sallayarta kamar jariri, ita kuma ta yi ta Hatim, autana, habibi, ka rame. Ramewa! Mutumin da tumbinsa ya fara tura jallabiya. Idrisu in ya ci karo da wannan sai ya cusa gashi a raga ya yi yawa, dole ya zare ya sake.

Wani rani, ana saura 'yan makonni a fara aikin Hajji, Idrisu ya zo da sabon dami a kafaɗa don ya canja mata gashi kafin ya tafi Arfa. Yana shiga tsakar gida ya ga sahrawinsa a ƙasa, an kifa shi kusa da tukwanen gas, an toshe tagar da katako. A cikin ɗaki wani farin sibilit ne a can saman bango, irin mukayyif ɗin zamani mai gas, yana zuba sanyi shiru ba ko ƙara. Hajiya ta lulluɓa da mayafi tana ta masha Allah, Hatim na nuna mata yadda ake danna rimot. Da ya ga yayansa sai ya taso da fara'a ya rungume shi.

"Khalas, shi ke nan, Yaya, ka huta. Kullum kai ke wahala da wannan tsohon abu. Wannan ba ya lalacewa."

Da mugunta ya faɗa da Idrisu ya san yadda zai rama. To ba mugunta, da zuciya ɗaya yaron ya yi, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya dubi Hajiya ko za ta ce wani abu. Idonta na kan rimot. Ya ce Allah ya sa albarka, ya juya da daminsa a kafaɗa, ko zama bai yi ba.

Daga ranar Idrisu ya zama abin tausayi, ya kuma zama abin haushi. Ya ce wa Safara'u iskar sibilit busasshiya ce, za ta kama wa tsohuwa ƙirji, a jira a gani. Ya yi ta jiran labarin tari, tari bai zo ba. Ya ce gas ɗin zai zube. Bai zube ba. Shi da kansa ya san a ranakun da iskar teku ta taso da gumi sahrawi ba ya iya komai, sibilit kuwa ko a jikinsa, amma ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya yarda. Akwai ranar da ya kama kansa bayan sallar La'asar yana fatan abin ya ƙone, ya ji kunyar Ubangiji ya yi ta istigfari. Yakan bugo wa Maryama kamar yana tambayar yara, a ƙarshe ya ce, shi wancan abin fa, yana nan yana yi? Ta ce lafiya lau. Wata rana kuwa ta ce ai ya ɗan tsaya har sau biyu, amma Hatim ya turo ma'aikacin kamfani ya gyara nan take. Kai! Wato har lalacewa ya yi ba a neme shi ba. Ya kashe wayar ya ƙi cin abinci. Gaisuwar Juma'a ma da yake zuwa ya daina, ya fake da shirin Arfa.

A Arfa kishin bai bar shi ba. Ranar tsayuwa, rana ta take, yana zagaya tantuna yana duba ruwa, ya shiga wani na alhazan Najeriya. Wata tsohuwa ta ji yana Hausa ta yafito shi, ta roƙe shi ƙasa-ƙasa ya ɗan karkata bakin mukayyif ɗin wajen wancan. Ta nuna da haɓa, ba ta ko kalli wurin ba. Wani dattijo ne mai furfura ya jingina cikin haraminsa, gumi ya jiƙa shi. Matar da ke kusa ta raɗa wa Idrisu cewa ɗanta ne na fari. Ya karkata iskar, tsohuwa ta sa masa albarka ta ce uwar da ta haife shi ta ji daɗi. Da wani ne ya ga haka, da zuciyarsa ta yi sanyi. Idrisu kuwa fita ya yi yana cewa a ransa, ka ga, ko wannan gardin an san da zamansa.

Bayan Sallah Safara'u ta tasa shi a gaba. Ta ce Abu Rakan, ka ji tsoron Allah, mutum da furfura a gemu yana gaba da na'ura, ka tashi ka je ka gaida uwarka. Ya tafi yana cika yana batsewa, hannu rabbana ba jakar aiki.

Ya tarar da ita a kan sallaya, sibilit na ta aikinsa, ɗakin sanyi ƙalau. Ta rame, wannan karon ramewa ta gaske. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba. Maryama ta hau sama haɗa shayi. Ya yunƙura zai tashi, sai ya ji ta yi magana, idonta na kan rimot ɗin da ke cinyarta.

"Wannan abin na Hatim ba shi da mahbas."

Ya ce e, Hajiya, ai shi ba ya amfani da ruwa.

"Na duba ko'ina ban ga inda ake rufe shi ba. Batirin wannan na cire, sau biyu, sai aka turo mini wani baƙo da jaka, ko Hausa ba ya ji." Ta ja carbi ɗaya. "Wancan kuwa, duk ɗaga shi da aka yi ta yi, sandata tana kaiwa, in na taka tukunyar gas."

Idrisu ya koma ya zauna daɓas. A zuciyarsa ya ga yaran Maryama a jere suna rantsuwa yana ƙaryata su. Ya ga kansa a kan tsani yana ƙara ɗaga mahbas yana jin shi gwani ne. Sannan ya ga tsohuwar nan, da ciwon gwiwarta, ta faki ido tsakar rana ta hau tukunyar gas tana miƙa sanda sama, ta dawo ta zauna cikin iska mai zafi tana jiran gashi ya bushe don ta sami abin da za ta aika a faɗa. Tsoro ya kama shi, kunya ta kama shi, wani daɗi kuma ya taso masa wanda bai taɓa jin irinsa ba, har idonsa ya kawo ruwa. Amma hali fa hali ne. Da bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne:

"Hatim ya sani?"

"Me ya sani? Yaro ne."

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗaga murya tana faɗa wa Maryama wai shayin nan sai an je Jidda za a samo shi ne. Idrisu dai wannan "yaro ne" ɗin da ta ce ya fi masa duk shayin duniya.

Washegari da hantsi ya iso da dami da jakarsa. Bai taɓa sibilit ba. Ya ɗago tsohon sahrawi daga ƙasa, ya kankare tsatsa, ya shafa masa fenti, ya ɓalle katakon taga ya mayar da shi mazauninsa. Ya zauna ya tsefe gashi fari sol ya jera shi daidai, ba cunkoso ba rami. Hatim ya bugo waya yana dariya, ya ce Yaya, mukayyif biyu a ɗaki ɗaya? Idrisu ya ce e, na rana daban na gumi daban, kuma a karo na farko ya ji muryar ƙanen nasa ba ta sosa masa rai ba sosai. Sosai na ce, ban ce gaba ɗaya ba.

Bututun ruwan ne ya ɗauke shi lokaci. Ya cire shi daga bangon waje, ya huda ƙasan taga ya shigo da shi cikin ɗaki, ya bi da shi gefen bango har dab da sallaya. A nan ya ɗaura sabon mahbas mai jan hannu, mai laushin murɗawa, daidai inda hannun mutumin da ke zaune zai kai ba tare da ya miƙe ba. Maryama ta tsaya tana kallo ta ce, Yaya, nan ai ko mai rarrafe zai iya rufe shi. Ya ce a bar su su rufe, yara ne. Ya aika aka sayo wa yaran askirim, suka karɓa suna kallon-kallo, ba su san dalili ba. Ruwa ya sauka a kan gashi, ƙamshin danshi ya cika ɗakin, Hajiya ta ja numfashi ta ce alhamdulillahi. Sai ta ce Maryama, ki tambaye shi ko ya ci abinci.

Ba a rufa mako ba wayar ta shigo, wai a gaya wa wancan mai gashin abin nasa ya mutu. Idrisu ya zura takalmi ya fita hannu sake, don ya san babu abin da zai gyara. Har ya kai bakin titi sai ya tsaya ya yi tunani. Ya dawo ya ɗauki jakar aikinsa, ya yago gashi kaɗan daga dami ya tura a ciki yadda zai leƙo waje kowa ya gani, sannan ya kama hanyar gidan Hajiya.